Yadda muka sauya ƙafar wutsiyar Piper Super Cub a Yamai

Jirgin da nake kula da shi Piper PA-18 ne, wanda aka fi sani da Super Cub, mai injin Lycoming O-320 mai ƙarfin doki 150, mai ɗaukar mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Kamfanin Piper ya fara ƙera irinsa a 1949, na ƙarshe kuma ya fito a 1994. Namu na shekarun 1950 ne, yana da rajistar Nijar mai farawa da 5U, yana kwana a angar a filin jirgin Diori Hamani. Ƙorafin matuƙin shi ne, duk sa'ad da ya sauka a kan kwalta da mutum a kujerar baya, da zarar wutsiya ta taɓa ƙasa sai ta kama kakkarwa har fedodi su riƙa bugun tafin ƙafarsa. Idan kuma ya taka feda don ya juya a ƙasa, sai jirgin ya yi jinkiri kafin ya amsa. A jirgi mai ƙafa a wutsiya wannan ba abin sakaci ba ne, domin tsakiyar nauyinsa tana bayan manyan ƙafafu biyu. Da ya ɗan kauce daga layi, nauyin nan neman wucewa gaba yake, kuma in ƙaramar ƙafar ba ta riƙe ba, jirgin zai juye nan take, wutsiya ta koma inda hanci yake, fiffike ya daki ƙasa.

Abin da aka fara yi shi ne ɗaga wutsiyar a ɗora ta a kan dokin katako mai shimfiɗa, bayan an tokare manyan ƙafafu gaba da baya. Ƙafar da ke jikinsa tsohuwar Scott ce mai inci 6, roba ce curarriya ba ta shan iska. Na kama fok ɗin na girgiza shi gaba da baya, sai na ji wasa a ƙarfen tsaye da ƙafar ke juyawa a kansa. Da na kwance ta, giris ɗin ciki ya zama baƙin taɓo mai ƙaiƙayi a yatsa, jan yashi ya shiga ya gauraya da shi ya cinye bushin da farantin gogayya. Haƙorin da ke kulle ƙafar da hannun juyawa bakinsa ya zama kewaye, shi ya sa take kuɓucewa ba lokacinta ba. Robar kuma ta cinye a gefe ɗaya, ta tsattsage saboda zafi. Ana samun wasu ƙananan kayan gyaran irin wannan ƙafa, amma a nan ramin gangar jikin kanta ya buɗe, kuma ba a cike wannan da walda a mayar wa jirgi.

Nan ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya, saboda yawanci daga ganin haka sai a ce a aiko da sabuwa. Na mayar da tsohuwar ƙafar, na sauke wutsiyar ƙasa, na sa aka cika tankuna biyu na fukafukai, lita 136 ke nan, mutum biyu suka shiga, aka sa kaya a bayan kujera daidai yadda ake tafiya. Sannan na durƙusa a gefe na dubi ƙarfen juyin. Ƙa'idarsa ya tsaya cak a miƙe, ko kuma kansa na sama ya ɗan karkata baya, gindinsa ya yi gaba, kamar yadda fok ɗin babur yake. Namu akasin haka ya yi: kansa ya rusuna gaba, gindinsa ya ja baya. Dalili kuwa lam ɗin da ke riƙe ƙafar da jikin jirgi, wato sifirin ɗin nan mai ganye uku, ya gaji ya miƙe, lanƙwasarsa ta ragu. In jirgin ba kowa a ciki ba za ka gane ba, sai an ɗora nauyi. Wannan karkata ita ce uwar kakkarwa, kuma ko sabuwar ƙafa fil ka ɗaura a kan gajiyayyen lam, za ta yi rawar da tsohuwar ke yi, ta kuma lalace da wuri. Da na raba ganyen lam ɗin na goge tsatsa, sai ga siririn tsagu a babban ganyen, ya taso daga bakin ramin bulon. Daga nan maganar ta tashi daga ƙafa kaɗai ta koma ƙafa da lam.

Kafin na buɗe kowane katalogi sai da na zauna da takardun jirgin. Na farko takardar shaidar nau'in jirgi ta hukumar jiragen sama ta Amurka, wadda ake kira TCDS. Ta PA-18 lambarta 1A2, kuma a ciki akwai jerin kayan da aka amince a ɗaura masa, har da ƙafafun wutsiya da nauyin kowace da nisanta. Na biyu littafin kayan gyara na Piper mai zane da lambobi. Na uku littafin tarihin gangar jirgin, don a ga ko wani ya taɓa sauya lam ko hannun da ke gindin allon juyawa, wato allon tsayen nan na wutsiya da feda ke karkatawa. Tsohon jirgi ya bi hannaye da yawa, abin da ke jikinsa ba lalle ne shi ne abin da ke cikin littafin kamfani ba. Abin da ake nema ɗaya ne daga cikin uku: ko ƙafar tana cikin jerin TCDS, ko wani kamfani ya ƙera madadinta da izinin PMA, wato izinin da hukumar Amurkar ke bayarwa na ƙera madadin kayan jirgi, kuma sunan jirginka yana cikin jerin jiragen da izinin ya shafa, ko kuma akwai takardar STC, wato ƙarin takardar shaidar nau'i, da ta halatta sauyin. Akwai ƙafafu masu kyau da araha, irin na Matco, da ake sayarwa don jiragen da mutane ke haɗawa da kansu. Ba su da aibu a wurinsu, amma jirgi mai takardar shaidar nau'i ba ya ɗaukar su, komai kyawun hotonsu a intanet.

Sai zaɓi tsakanin waɗanda suka halatta. Curarriyar roba mai inci 6 ba ta da nauyi, ba ta da tsada sosai, kuma ƙaya ba ta huda ta, abin da ba ƙarami ba ne a ƙasar da tsidau da ƙayar aduwa ke zube a kowane filin daji. Aibinta shi ne duk tsakuwar da ta taka, bugun yana wucewa kai tsaye cikin bututun ƙarfen wutsiya, waɗanda sun haura shekara sittin, sannan a rairayi nutsewa take tana yin huɗa. Mai iska ta inci 8, irin Scott 3200, tana shanye bugu, tana hawa kan yashi, cikinta kuma ya fi ƙwari. Kamfanin Scott ya daina ƙera ta, amma Alaskan Bushwheels na yin madadinta da izinin PMA, ana kiranta ABI-3200, kuma kayan cikinsu suna shiga juna. Maule ma yana da mai curarriyar roba da mai iska, sun fi sauƙin kuɗi, sai dai a ganina sun fi son a riƙa bin su da saiti. Akwai kuma ƙatuwar taya mai faɗi da ake kira Baby Bushwheel, wadda aka yi don laka da duwatsun bakin kogi. A kan kwalta saurin cinyewa take, ga ƙarin nauyi a can ƙarshen jirgi, kuma rabin saukar jirginmu a kwalta ce.

Mai jirgin ya fi karkata ga curarriyar. Ya ce mini, “Malam, wadda ba ta faci ai ita ce ta ƙasarmu.” Na ce, “Alhaji, gaskiyarka ta fuskar ƙaya, amma tub ɗaya da ƙaramin famfo a bayan kujera sun magance faci. Tsagewar bututun wutsiya kuwa sai an yaye yadin jirgi an yi walda, jirgin ya yi watanni a ƙasa.” Ya yi shiru, sannan ya ce a yi yadda ya fi. Muka tsaya a kan ABI-3200 mai taya 2.80/2.50-4.

Awo ya biyo baya, kuma da ma'aunin kauri ake yin sa, ba da ido ko tef ɗin tela ba. Faɗin lam kala uku ne aka fi samu: inci 1¼, kusan milimita 32; inci 1½, milimita 38; da inci 1¾, milimita 44 da rabi. Na asalin Super Cub inci 1¼ ne, ita kuwa 3200 an yanka mazauninta don inci 1¾. Saboda haka ko dai ka sayi ƙaramin ƙarfen cike giɓi da aka yi musamman don wannan, ko ka koma lam mai faɗi in kana da takardar da ta yarda da shi. In ba a cike giɓin ba, kan ƙafar zai riƙa murɗawa hagu da dama a kan lam har ya sassauta bulon. Mu mun tsaya a faɗin asali don kada mu buɗe wani sabon dosiye. Sai ramin bulon: bulon jirgi mai lamba AN6 kaurinsa inci 3/8 ne, milimita 9.5, AN7 kuwa 7/16, milimita 11.1. Ka auna ramin lam, ka duba na ƙafar, ka tabbatar ko ana buƙatar bushin. Tsawon bulon ma sai an lissafa shi da kaurin ganyen da zai ratsa da ƙarfen cike giɓi da washa, yadda zaren ba zai faɗo a cikin rami ba. Bulon milimita 10 ko 12 na kasuwar Katako yana da amfaninsa a amalanke da ƙofa, amma wannan bulo guda shi ke ɗauke da wutsiya a kowace sauka, ba ya karɓar kusan-daidai. Na kuma auna nisan da ke tsakanin hannun allon juyawa da inda hannun sabuwar ƙafa zai zauna, saboda tsawon sarƙa.

Kafin a fitar da ko dala, na ɗauki dosiye na je hukumar jiragen sama ta ƙasa, ANAC, sashen da ke duba lafiyar jirage. Na tafi da kwafin shafin TCDS, jerin jiragen da izinin PMA ya shafa da layin PA-18 a ja masa layi, hoton tsagun lam, da shafin ƙarshe na littafin gangar jirgi. Na ɗan zauna jira don jami'in ya fita duba wani jirgi. Da ya dawo ya karanta a nitse, ya tambaye ni abu biyu: wace takarda za ta rako kayan, kuma ko za a sake lissafin nauyi da ma'auni. Na ce FAA Form 8130-3 ce, wato takardar hukumar jiragen sama ta Amurka mai shaida ingancin kayan jirgi, lissafin kuma za a yi. Ya ce to, in an gama a kawo masa kwafi. Zuwan nan bai ci ko sisi ba, amma hankalina bai kwanta ba sai bayansa. Wanda ya sayi kaya tukuna sannan ya je tambaya, in aka ce takardarsa ba ta isa ba, mayar da kaya Amurka daga Yamai ya kusa kuɗin kayan.

A wasiƙar oda na rubuta ƙarara cewa a haɗo 8130-3 a cikin kwali, lambar kayan da ke kanta ta dace da wadda ke jikin ƙarfen. Wasu dillalai sai ka roƙa suke bayarwa, wasu har da ɗan kuɗi a kai. In daga Faransa ko wata ƙasar Turai kayan ya fito, takwararta ita ce EASA Form 1. Na haɗa komai a oda guda, domin kuɗin jigila da na fito ba sa raguwa don kaya ƙanana ne: ƙafar, sabon lam, ƙarfen cike giɓi, bulon da noti da washa na kan ƙafa da na gaban lam da na maɗaurinsa, robar da ke zama tsakanin lam da jikin jirgi, ƙananan resor biyu na juyawa da sarƙarsu da maƙalansu, taya ɗaya ta ajiya, da tub uku. Ƙafar kaɗai ta haura dalar Amurka 1,000. Tura kuɗin ta banki ya buƙaci fakitir ɗin farko ta dillali da takardun mai jirgin, kuma sai da ya ɗauki kwanaki kafin dillalin ya ce sun shiga. Wanda zai saya da yuro lissafinsa ya fi sauƙi, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi; dalar Amurka kuwa tana iya sauyawa tsakanin ranar fakitir da ranar biya.

Jiran kaya shi ne mafi nauyi a rai, jirgi na zaune a kan doki, Alhaji na bugo waya. Kwalin ya yi makonni, har ya kwana biyu a wata tashar hanya ba a san dalili ba. Da ya iso sashen kaya na filin jirgi, taranzitar ya nemi takardar jigila ta sama, wadda suke kira LTA, da fakitir ta ainihi, da lambar NIF ta mai kayan. Abin da ya kamata ka zauna da shi a kai shi ne lambar rukunin kaya a tarif ɗin duwan. Ƙafafun saukar jirgi da sassansu suna ƙarƙashin 8807.20, wadda kafin sauyin 2022 take 8803.20. Taranzitar da ya saba da kayan mota, in ya ga ƙaramar taya da sifirin, hannunsa zai tafi rukunin kayan mota ko na amalanke, lissafin ya sauya. Na ba shi hoton jirgin da shafin littafin Piper ya haɗa a dosiye. Harajin TVA kashi 19 cikin 100 ne, kuma ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake ɗora shi ba, har da kuɗin jigila da sauran haraji. Ka riƙe kuɗi a hannu kafin kaya su iso, don kuɗin sito na ƙaruwa kullum. Lokacin da aka buɗe kwalin don dubawa na tsaya a wurin, idona a kan 8130-3, saboda ƴar takarda ce da ke iya bin tarkacen kwali zuwa shara. Da aka tattara komai, daga dillali har ladan taranzitar, kuɗin sun doshi sefa miliyan biyu.

A angar na fara da gwada lambobin takarda da na ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, sannan na ɗora tsohuwar ƙafa da sabuwa a sikeli. Sabuwar ta fi da kusan kilo ɗaya da rabi. Aka ɗaura lam, babban ganye a ƙasa yadda zanen ya nuna, aka sa ƙafar, aka ɗaure bulon da makullin awo daidai adadin da takardar mai ƙerawa ta faɗa. Sarƙoƙin su ne suka fi cin lokaci. Ana saita su ne wutsiya na ƙasa da nauyinta, allon juyawa a tsakiya, taya a miƙe, ana rage ƙwaya ɗaya-ɗaya har sakin ya tafi ba tare da an ja resor ba. In suka yi sako-sako, feda zai yi tafiya kafin ƙafa ta ji, jinkirin nan da matuƙi ya yi kuka da shi ke nan. In suka yi tsauri, suna jan hannun allon juyawa ƙasa, suna cin hinjinsa, kuma ƙafar na iya ƙin sakin kanta ta juya gaba ɗaya lokacin da ake tura jirgi baya. Bayan haka na sake ɗaga wutsiya na taka kowace feda har ƙarshe don in ga allon yana kaiwa matsayarsa ta kowane gefe, na kuma tura ƙafar da hannu har ta kuɓuce daga haƙorinta, ta dawo ta kulle da ɗan ƙara, hagu da dama daidai wa daida.

Iskar wannan ƙaramar taya tana ba mutane mamaki: wajen psi 50 ake sa mata, kusan bar 3.5, alhali manyan tayoyin gaba ba sa kaiwa rabin haka. In iska ta yi ƙasa, tayar na zamewa a kan rim ta ja tub ta tsinke bakin bawul, kuma yawancin facin da ake ɗora wa ƙaya daga nan yake. A auna ta da safe a inuwa, ba bayan ta sha ranar watan Afrilu a kan kwalta ba. Muka sake loda jirgin kamar farko, na durƙusa a wuri guda: ƙarfen juyin ya tsaya, kansa ya ɗan kwanta baya.

Kilo ɗaya da rabi ba komai ba ne a hannu, amma yana zaune kusan mita biyar bayan manyan ƙafafu. A jirgin da nauyinsa ba kaya bai fi kilo 450 da yawa ba, wannan na ja da tsakiyar nauyi baya da fiye da santimita ɗaya da rabi, kuma Super Cub mai mutum a baya da kaya dama can baya yake karkata. Ana iya yin lissafin a takarda, amma da yake awon ƙarshe na jirgin ya daɗe, an kuma sake masa fenti tun daga lokacin, sai muka ɗora shi a sikeli uku a cikin angar, ƙofa a rufe saboda iska, wutsiya a ɗage har ya daidaita kamar yana tafiya a sama. A Super Cub ana gane daidaiton da igiya mai dalma da ake ratayawa daga ramin da ke saman ƙofa ta sauka a kan alamar da ke bututun kujera. Aka rubuta sabuwar takardar nauyi da ma'auni, aka gyara jerin kayan jirgi, aka shigar da aikin a littafi da lambobin kaya da na 8130-3, mai lasisi ya sa hannu a takardar mayar da jirgi aiki, APRS, na kai wa hukuma kwafi kamar yadda aka ce.

Gwajin ya fara da tafiya a ƙasa a hankali, juyi hagu da dama, sannan taka birki ɗaya don ƙafar ta saki ta zagaya. Daga nan gudu a kan pist ba tare da tashi ba, sai sauka ta ainihi, da farko matuƙi shi kaɗai, daga baya da mutum a baya a kan kwalta, yanayin da kakkarwar ke fitowa. Ba ta fito ba. Bayan saukar farko-farko na sake bin bulon da makullin awo, na same shi ya ɗan saki, abin da ake tsammani ne domin sabbin ganyen lam suna zama a kan juna. Na sake dubawa bayan wasu awoyi na tashi, sarƙa ma na rage mata ƙwaya ɗaya a kowane gefe.

Wanda zai bi wannan hanya, tsarin da ya fi sauƙi shi ne ya loda jirgi ya dubi karkatar ƙarfen juyi tun kafin ya yi maganar saye, ya karanta takardun jirginsa kafin katalogi, ya je hukuma kafin banki, ya kuma haɗa bulon da tub a kwalin farko. Game da giris, a lokacin hunturu ba na jiran awa 100 ko duban shekara. Ina matsa sabo ta bakin giris ɗin har tsohon ya fito, in goge na waje sarai, domin wanda ya rage a waje shi ke kama ƙura ya ja ta ciki. Sau ɗaya a shekara ana kwance kan gaba ɗaya a wanke rulma da farantin gogayya. Tsohuwar ƙafar da lam ɗin mai tsagu na ɗaura musu jar takarda mai cewa ba sa aiki, lam ɗin kuma na sa aka yanka shi biyu kafin ya bar angar, don kada wata rana ya koma jikin wani jirgin.